Wasan ƙwallo na bidiyo a Mayahi: sabon zubi a tsohuwar na'ura

Duk ƙarshen damina, kamfanin EA na Amurka kan fitar da sabon wasansa na ƙwallon ƙafa, ya jera na'urorin da zai hau. Da EA Sports FC 24 ya fito a Satumban 2023, an lissafa PlayStation 5 da 4, Xbox iri biyu, Switch da kwamfuta. Kamfani na yin haka ne don kada wani mai kuɗi ya kuɓuce masa. Mai ɗakin wasa a Mayahi ko Tasawa kuwa, ƙarshen jerin yake dubawa: ko tsohuwar na'urarsa tana ciki har yanzu?

Galibi ba ta ciki. PlayStation 2, wadda Sony ya fitar a 2000 ya kuma sayar da fiye da miliyan 150, ita ta raini ɗakunan wasa a ƙasar Hausa, don tana da arha kuma mai gyaran rediyo ma yana iya buɗe ta. Rabonta da sabon wasan ƙwallo tun FIFA 14 na EA da PES 2014 na Konami, a 2013. PlayStation 3 ta yi sallama da PES a 2017, da FIFA a 2018.

To amma yaran ba su daina ganin sababbin ƴan wasa a allo ba. Masu gyaran wasa ne suka karɓi aikin: su ɗauki tsohon PES na kamfanin Konami, su sauya riguna da fuskoki, su mai da Mbappé Real Madrid, su laƙaba masa shekarar bana. Mafi shahara shi ne Bomba Patch, wanda wani mai ɗakin wasa a Brazil ya soma a 2007 don kwastomominsa. Irin waɗannan ake turawa a kile ko a faifai, su bi hanyar da sauran kayan lantarki ke bi, daga Kano zuwa Maraɗi, daga nan su watsu. Satar fasaha ce a idon doka, babu musu. Sai dai abokin cinikin da ake cewa an ƙwace wa kamfani, kamfanin ne ya fara juya masa baya.

Sabuwar na'ura ba tsadarta kaɗai ce matsala ba. Wasanninta na cin gigabait gomomi kafin a taɓa ƙwallo, sannan ga wuta. Yankin Maraɗi da Damagaram na shan lantarki ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma da Nijeriya ta yanke shi a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, duk mai sana'ar allo ya koma lissafin man janareto. A lissafin nan, wasan da ake bugawa mutum biyu, minti kaɗan a tashi a ba na baya wuri, ya fi riba. Shi ya sa GTA V, da ya ratsa zuriya uku ta PlayStation tun 2013, bai ture ƙwallo ba: mutum guda ke riƙe shi, ya yi ta yawo a mota.

Barazanar gaske daga aljihu ta fito. A 2021 Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta, daga baya har a wayar Android. Saurayin da ya mallaki waya yanzu kuɗin intanet yake nema, ya bar wa ƙannensa layin benci.