Fitar da Baƙin Rini Daga Gashi: Aikin da Ba Ya Son Garaje

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san farin yadi ba ya wuyar zama shuɗi: a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Amma miƙa wa marini baƙar shadda ka ce ya mayar maka da ita fara, ka ga irin kallon da zai yi maka. To a shagunan gyaran gashi na Turai da Amurka akwai waɗanda wannan ce sana'arsu, kuma a kan abin da ya fi shadda saurin lalacewa suke yin ta, wato gashin kan mutum.

A ƙasashe irin su Suwidin da Finlan da Norwe, mutane da yawa da gashi ruwan zinare ake haihuwarsu. Mace takan yi marmarin canji, ta sayo kwalin rini a kanti, cikin rabin awa kanta ya koma baƙi wuluk. Ta yi shekara biyu tana maimaitawa duk wata, sai kuma kewar launinta na asali ta kama ta. A nan take gane cewa shiga ta fi fita sauƙi.

Dalilin yana cikin silin gashin. Kowane sili yana da riga ta siraran ɓawo masu hawan juna kamar na kifi, a ƙarƙashinsu kuma akwai tsokar gashin, inda launi yake zaune. Rinin zamani ba shafe ba ne kamar fenti. Sinadarin amoniya ke ɗaga ɓawon, ƙananan ƙwayoyi marasa launi su kutsa ciki, sannan ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi, ya sa su harhaɗu su zama manya masu duhu. Kamar an shigar da katako ɗaki ne an harhaɗa gado a ciki: ba ya fita ta ƙofar da ya shigo sai an kwance shi. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa ɗalibin sana'ar ita ce rini ba ya ɗaga rini. Ko an zuba mai haske a kan baƙi, baƙin yana nan daram.

Gwanar aikin ba ta taɓa kwano sai ta yi tambaya kamar likita. “Yaushe kika fara? Na kwali ne ko na shago? Sau nawa? Kin taɓa sa lalle?” Tambayar lallen ba ta hira ba ce. Lalle yana manne wa gashi ta yadda ba ya sakinsa da daɗi, wasu rinin kuma akwai gishirin ƙarfe a cikinsu, wanda in ya haɗu da haidurojin sai gashi ya ɗau zafi ya karye. Daga nan ta kama sili guda ta jiƙa, ta ja shi a hankali tsakanin yatsu. Lafiyayye yana miƙewa ya koma yadda yake. Wanda ya sha wuya kuwa ko ya tsinke nan take, ko ya yi ta miƙewa kamar cingam. Sai ta ware ɗan tsagi a ƙeya, inda ido ba ya kaiwa, ta gwada duk abin da take shirin yi. Abin da wannan tsagin ya nuna shi ne hukunci, ba abin da mai kai take so ba.

Matakin farko ba bilicin ba ne, maganin kwance rini ne. Yana da sinadarin ƙibiritu, shi ya sa shagon kan ɗau warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dangi ne na farar hodar nan da masu rinin shadda na zamani ke haɗawa da soda. Aikinsa ya wargaza manyan ƙwayoyin su koma ƙanana yadda za su iya ficewa, ba tare da ya ci launin halitta ba. Sirrin kuwa a ɗauraya yake. Minti 20 ko fiye za ta tsaya a bakin famfo da ruwa mai ɗumi, ta sa shamfu, ta murza, ta ɗauraye, ta sake. Malalaci yakan ga launi ya washe ya rufe famfo, amma ƙwayoyin da suka rage a ciki suna jiran iska ne su sake haɗuwa. Kwana biyu sai baƙin ya dawo. Ita gwana ɗigon haidurojin take sa wa sili ɗaya. In ya yi duhu, da sauran aiki.

Idan gashin ya bushe, mai kai takan firgita, domin abin da madubi ke nuna mata ruwan goro ne. Gwana ba ta girgiza, ta san hanyar ke nan. Masu sana'ar suna auna hasken gashi da matakai 10: na 1 baƙi ƙirin, na 10 kusan fari. Duk gashin da ake haskakawa sai ya bi zango-zango: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, sannan ɗorawa mai fari-fari kamar cikin ɓawon ayaba. Ba a tsallake zango.

Yanzu ne kayan aiki ke fitowa: kwanon roba, don ƙarfe yana ɓata haɗin, buroshi mai faɗi, mataji mai tsinin wutsiya na tsaga, safar hannu, fallayen takardar alminiyom, ƙaramin sikeli, da agogo. Hodar bilicin ba a ɗibarta da ka, awo ake yi. Ruwan haidurojin da ake kwaɓa ta da shi kuma hawa huɗu ne: mai lamba 10 ƙarfinsa kashi 3 cikin 100, mai 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Mai gaggawa kan ɗauki na 40. Gwana takan tsaya a na 20, wani wurin ma na 10, don ta san bilicin ba launi kaɗai yake ci ba, har da igiyoyin da ke riƙe da ƙarfin gashin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karanta kai kamar taswira. Gashi yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, don haka bakin gashin da ya kai kafaɗa ya haura shekara biyu a duniya, ya sha rini ya fi a ƙirga. Tsakiya ta sha kaɗan. Gindin kuwa sabon toho ne, launin asali, ba abin da ya taɓa shi. Kai ɗaya, gona uku, kowace da takinta. Sai ta tsaga gashin gida huɗu, ta riƙa ɗibar falle siriri wanda ana iya hango yatsa ta cikinsa, ta shimfiɗa a kan takarda, ta fara shafa wa inda ya fi duhu, ta naɗe. Sabon tohon ko kusa ba ta zuwa gare shi. Ko rinannen da ya fi kusa da fata a ƙarshe take taɓa shi, domin ɗumin kai yana sa bilicin gudu. Duk bayan ’yan mintuna ta buɗe takarda ɗaya, ta goge da yatsa, ta duba launi, ta ja sili. Idonta ba ya kan waya.

Sannan sai babban ilimin: sanin inda za a tsaya. Da ta ji sili ya fara saki, ta wanke ke nan, ko da launi bai kai ba. “Yau iyakarmu nan,” za ta ce, “ki dawo bayan mako shida.” Tun 2014, da fitowar Olaplex, aka samu magungunan da ke taimaka wa igiyoyin gashi su jure, amma ba su kawar da buƙatar hutu ba. Wadda ta ƙi jira, ta kwaɓa mai lamba 40 a banɗaki da dare, takan wayi gari gashi yana biyo mataji kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Garin gyaran gira an rasa ido.

Zama biyu, uku, wani lokaci huɗu, sai a iso zangon ɗorawa. Saura gyaran fuska, da wani sassauƙan rini da ake kira tona. Launuka suna da abokan gaba: shunayya tana kashe ruwan ɗorawa, shuɗi yana kashe ruwan goro. Gwana ta sa sabon tohon a gaba ya zama abin kwaikwayo, ta auna ɗigo-ɗigo. Kuma da yake gashin halitta ba launi ɗaya ba ne, sai ta bar wasu silin da ɗan duhu, wasu da haske, yadda ido ba zai gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara ba.

Ita da kanta za ta gaya maka cewa ba ta dawo da launin asali ba. Tun ranar farko haidurojin da ke cikin baƙin rinin ya riga ya taɓa shi. Abin da ta yi gada ce, wadda mai kai za ta bi har gashin da Allah ya ba ta ya tsiro, almakashi kuma yana rage tsohon a hankali.

Mai karatu, ko da ba ruwan zinare ne a kanka ba, in kana shirin rufe furfura da baƙin rini, ka ɗan shafa shi a bayan kunne ka jira awa 48 tukuna, kuma ka tabbata launin da kake so ne. Rabin awa ake shafa shi, amma santimita ɗaya-ɗaya yake barin kai, wata bayan wata.