Likitan da Majinyacinsa ke Cikin Ruwa

Idan aka kira likitan kifi gonar da tarwada ke mutuwa, ruwan yake fara bincika. Ya fi son zuwa da asuba, lokacin da iskar oksijin ta fi ƙaranci, domin gansakukar da ke samar da ita da rana ita ma shaƙarta take yi da dare. Ya tsoma na'urar awo, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga sinadari, ya jira launi ya nuna masa yawan amoniya, wato gubar da kifi ke fitarwa da wadda ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa. Ya kuma san tarwada na iya haɗiyar iska a saman ruwa ta jure, karfasa ce ke fara galabaita.

Sannan ya kamo kifi mara lafiya amma mai rai, don ƙananan halittun da ke cin jikinsa ba sa daɗewa a kan gawa. Ya sa shi a bokitin da aka ɗiga man kanumfari, kifin ya lafa har ya kwanta a gefensa. Likita ya jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, saboda busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa. Ya ɗaga murfin kunci ya dubi zaruruwan numfashi. Ja jawur, lafiya lau. Idan sun koɗe, jini ya ragu. Idan sun koma ruwan ƙasa, ya zargi gubar naitarait. Da siririn gilashi ya kankaro yauƙi kaɗan daga gefen kai zuwa wutsiya, ya ɗora ɗigon ruwa, ya kai ƙarƙashin madubin likita. Nan ake ganin Trichodina, 'yar halitta kewayayya, tana juyi kamar faifai. Duk cikin mintuna kaɗan, kifin ya koma ruwa mai tsabta ya farfaɗo.

Wannan hannu ba a gadonsa. Shekara shida ake yi a sashen likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin mutum ya bi cibiyoyi irin ta binciken kifi da ke New Bussa ya koyi halin ruwa.

Mai gaggawa yakan zuba maganin ƙwayoyin cuta a tafki ya koma inuwa. Likita kuwa sai ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya lissafa yawan ruwan, kafin ya faɗi gishirin da za a zuba, ko ya ce a dakatar da abinci a sauya ruwa.