Baƙo Ya Ci Kifi, Bai Ga Masunci Ba

Ƙungiyoyin al'adu sukan kai baƙo fadar sarki da ragowar ganuwar Tanimun, su rufe da gasasshen kifi, a ce ya ga Damagaram. Alhali rabinta ya gani. Gabas da birnin, tabkin Gidimuni yana kwance tsakanin dabinai da lambuna. Ya shiga jerin dausayin Ramsar a 2019, amma rairayi na ci masa iyaka. Darussan tarihi sun riƙe sunayen sarakuna, sun saki sarkin ruwa, da koma, da gora, da kirarin masunta. Ranar da tabki ya ƙafe, kalmomin nan za su bi shi. Ya kamata malamai su kai ɗalibai bakin ruwa tun tsofaffin masunta suna da bakin magana.