Kuyanga da Jakadiya a Sararin Samaniya: Matsayin Baƙar Mace a Wasannin Kimiyya na Talabijin

A shekarar 1962 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan talabijin na Kaduna, watau RKTV. Da yake wasannin gida ba su isa su cika lokaci ba, sai aka riƙa sayo na Turawa, kuma tun a 1965 aka fara nuna Doctor Who na BBC. Wannan yana cikin irin wasannin da ake ƙaga labarinsu a kan kimiyya, a kai mai kallo wata duniya ko wani zamani mai zuwa, kamar yadda Umaru Dembo ya yi a rubuce cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Manufar wannan maƙala ita ce a duba gurbin da irin waɗannan wasanni suka ba baƙar mace, domin wanda ya zana gobe ya nuna inda yake so kowa ya zauna.

Mafi kyawun misali a nan Arewa aka tono shi. A 2013 aka ba da sanarwar gano kashi 9 na Doctor Who a wata tashar talabijin da ke Jos, bayan BBC ta daɗe da shafe nata. Biyar daga ciki na labarin The Enemy of the World ne, wanda aka fara nunawa a Ingila daga Disambar 1967 zuwa Janairun 1968. A cikinsa akwai Fariah, wadda Carmen Munroe, haifaffiyar Guyana, ta fito a matsayinta. An ce labarin a 2018 yake faruwa, watau shekara 50 gaba, amma aikin da aka samar wa baƙar mace a wannan sabuwar duniya shi ne ɗanɗana abincin azzalumi Salamander, don in da guba ita ta fara mutuwa. Bahaushen da ya san fada ba ya bukatar a yi masa bayani: wannan kuyanga ce, ko da an sa mata tufafin zamani.

Sai dai adalci ne a ce marubucin, David Whitaker, bai bar ta bebiya ba. Fariah tana da ƙiyayya tata ta kanta, tana da wayo, kuma ita ce ta sato takardun da za su tona asirin maigidan nata. Munroe ta riƙe wannan gurbi da nutsuwa da kwarjini, har takan danne waɗanda aka fi ba magana. Aibin yana ga ƙarshenta. Da ta kawo takardun, sai aka harbe ta a kashi na 4, takardun suka koma hannun maƙiya, labari ya ci gaba kamar ba a yi ta ba. Ba a ma bayyana laifin da Salamander ya riƙe ta da shi ba. An ba ta zuciya, aka hana ta tarihi. (Shi kansa Salamander, wai mutumin Meziko, Bature ne, Patrick Troughton, aka shafa wa fuska ta yi duhu, sa'an nan aka sa shi karya harshe.)

A Amurka kuwa, Star Trek ya zo a 1966 da Laftana Uhura, wadda Nichelle Nichols ta fito a matsayinta. Sunan daga kalmar Suwahili ne mai nufin 'yanci. Hafsa ce, tana zaune a ɗakin jagorancin jirgi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da baƙar mace ta fi fitowa a matsayin 'yar aiki. Nichols ta sha ba da labarin yadda Martin Luther King ya hana ta barin wasan, haka kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura ne ya ƙarfafa mata gwiwa. Duk da haka, in an auna abin da take yi, aikin jakadiya ne: ta karɓi saƙo, ta isar wa kyaftin, ta mayar da amsa, kujerarta tana bayan tasa. Jakadiyar fadar Hausa ma ta fi ta, domin takan shiga inda fadawa ba sa shiga, kuma sarki yakan saurare ta. Sumbar da ta yi da Kyaftin Kirk a 1968, wadda ake ta yabo, a cikin labarin tilasta musu aka yi, kamar dai masu wasan suna neman uzuri tun kafin a tuhume su. Ba ta riƙe ragamar jirgin ba sai a wasan zane na 1973.

Tsohuwar al'ada ba ta saurin mutuwa. Da Doctor Who ya sami baƙar abokiyar tafiya, Martha Jones, a 2007, ɗalibar likitanci ce, amma da aka kai ta Ingilar 1913 sai aka miƙa mata tsumma da bokiti tana goge daɓe. Ana iya cewa gaskiyar wancan zamani aka nuna, sai dai marubuci ne ya zaɓi zamanin. Star Trek kuwa sai a 2017 ya ɗora labarinsa gaba ɗaya a kan baƙar mace, Michael Burnham, ita ma kuma ba ta hau kujerar kyaftin ba sai a 2021.