Daga Mil Zuwa Kilomita: Tarken Yadda Aka Shigo da Awon Mita Cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Cikin shekara uku kacal gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta taɓa abubuwa uku waɗanda talaka ke ma'amala da su kullum. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka koma tuƙi ta hannun dama. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 kuma aka yi dokar awo wadda ta ɗora ƙasar bisa mita da kilo da lita. Na farko ya zauna rana ɗaya, domin wanda ya ƙi bi zai yi karo da mota. Na biyu ya ɗauki 'yan shekaru. Na uku kuwa, yau fiye da shekara hamsin ke nan, bai gama zama ba. Wannan maƙala ta dubi dalilin haka ta fuskar harshe, tare da ɗauko misalai daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu da garuruwan karkara irin su Kekun Waje. Hujjarta ita ce, an ari kalmomin sabon awo an zuba cikin Hausa, amma ba a kafa musu turke a tunanin masu harshen ba.

2.0 Awon Gado

Awon Bahaushe na asali iri biyu ne: na jiki da na mazubi. Na jiki ya haɗa da taƙi da ɗani, waɗanda ake yi da buɗin yatsu, da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da gaba, watau buɗin hannuwa biyu, wanda ake auna zurfin rijiya da shi, har ake yi wa mai zurfin ilmi kirari da rijiya gaba dubu. Na mazubi kuwa shi ne mudu da tiya da kwando da buhu, sai kuma dami, wanda manomi ke ƙidaya gero da dawa da shi. Nisan tafiya ana faɗinsa da zango, ko da lokaci, kamar a ce tafiyar hantsi ko ta yini guda.

Bugu da ƙari, Musulunci ya zo da nasa ma'aunai. Ana fid da zakkar kono da sa'i, wanda yake mudun Annabi huɗu ne, nisabin hatsi kuma sa'i 300 ne. Abin lura game da dukkan waɗannan shi ne, mai saye yana iya tabbatar da awo da idonsa da hannunsa, ba sai ya dogara da wani ba.

3.0 Yadda Awon Ingilishi Ya Sami Turke

Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya kawo sikeli da laba da tan, kantuna suka kawo yadi da galan, ma'aikatan hanya kuma suka kafa duwatsun mil. Baƙi ne duka, amma yawancinsu sun tarar da ɗan'uwa a gida. Yadi ya faɗo kusan daidai da kamu biyu, saboda haka mace na iya gwada ƙyallenta a hannu tun kafin ta bar kanti. Ƙafa ma ba aro aka yi ba, fassarawa aka yi da sunan gaɓar da kowa ke da ita. Galan huɗu ya sami mazubi, watau garwar kananzir, wadda daga baya ta koma hannun 'yan ga-ruwa.

Mil ya fi su duka sa'a, domin almajirai sun san kalmar tun kafin zuwan Turawa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, nisan da ke halatta sallar ƙasaru mil 48 ne. Ko da yake mil na fiƙihu ba daidai yake da na Ingilishi ba, sunan ya riga ya saba da kunne. Shaidar zamansa ita ce yadda ya zama sunan wuri, kamar Miltara a Kano da Milgoma kusa da Zariya.

Haka kuma sauyin kuɗi na 1973 ya yi sauƙi ne domin yawancin tsofaffin sunaye sun sami kishiya daidai wa daida: fam naira biyu, sule kwabo goma, sisi kwabo biyar, jaka naira 200. Mutane suka ci gaba da ciniki da tsofaffin sunaye har bakinsu ya saba da sababbi, ba tare da an cuci kowa ba. Yau kuɗin sun ɓace, amma har yanzu ana cewa ba a da ko sisi, ko anini.

4.0 Inda Aka Yi Sake

Awon mita bai sami irin wannan gada ba. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, yadi santimita 91.44, galan lita 4.546, laba kimanin giram 454. Babu ɗaya da ake lissafawa a ka cikin hayaniyar kasuwa. A nan ne aikin masana harshe da mafassara ya kamata ya fito, amma abin da ya fi yawa shi ne gyara rubutun kalma kawai. Illar wannan iri uku ce.

Ta farko, amfanin tsarin mita, tun da aka ƙago shi a Faransa cikin shekarun 1790, shi ne hawa goma-goma, kuma wannan hawa yana cikin sunayen kansu: kilo na nufin dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Da aka haɗiye kalmomin ɗungurungum, sai ma'anar ta ɓace. Ɗalibi a Tsafe ba ya jin dubu a cikin kilomita. Haddacewa yake yi. Alhali kuwa Hausa ba baƙuwa ba ce ga manyan lissafi, tun da da ita aka ƙidaya wuri zambar ashirin a jaka guda.

Ta biyu, kilo ta tsaya a kan nauyi kaɗai, watau nama da siminti, don haka dangantakarta da kilomita ta yanke a kunnen mai sauraro.

Ta uku, mita ta tarar da cunkoso. A rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ba a bambanta ta da mita ta yawan ƙorafi, ga kuma mitar wutar lantarki, ga mitar da gidajen rediyo ke sanarwa ana kama su a kai.

Ba a ce ba a yi aiki ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus a 1977, ta kuma fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai aikin ƙamus shi ne daidaita rubutu da ma'ana. Sa wa mutum girman abu a ido aikin aji ne da rediyo da malamin gona.

Saboda haka awon mita ya ci nasara ne kawai inda na'ura ta tilasta shi: lita a gidan mai, kilo 50 a buhun siminti da na taki, kilo a sikelin asibiti, kilomita a allon hanya da agogon mota, musamman bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Da an bar gaban na'ura, sai a koma gidan jiya. Tela na yanka shadda da yadi, kafinta na neman ƙusa inci uku, dillali na sayar da fili ƙafa hamsin da ɗari. Wanda ya tambayi nisan Kekun Waje daga Gusau kuwa, sau da yawa da kuɗin mota ko na babur za a ba shi amsa.

5.0 Abin da Ake Asara

Wani zai ce ai zaman awo uku a harshe ɗaya arziki ne, kuma ko Ingila har yau mil ke rubuce a allunan hanyoyinta. Gaskiya ne, amma asara tana aukuwa a mahaɗa, inda aka sayi abu da wani awo aka sayar da wani. Manomin Kekun Waje yana girbi da dami, ya sayar da tiya, wadda girmanta da tozonta ke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, shi kuwa babban ɗan kasuwa ya sayar da kilo. Wanda ya san awon biyu shi ke cin ratar. Ɗan bumburutu yana kiran jarkar lita huɗu galan, watau sunan ya tsaya amma fiye da rabin lita ya zube. Takardar taki da ta maganin feshi suna magana da hekta, manomi yana tunani da eka ko da yinin noma. Idan ya ɗauka ɗaya suke, alhali hekta ta kusa eka biyu da rabi, to ya ninka abin da aka ce fiye da sau biyu. Mafi hatsari shi ne uwa da aka rubuta mata mililita biyar na maganin yaro, ta koma gida ta ɗauki cokalin da ta samu.

6.0 Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi a 1974: doka ta riga shirin harshe. Gyaran ba ya buƙatar ƙirƙiro sababbin kalmomi, domin waɗanda aka ara sun riga sun shiga baki. Abin da ya rage shi ne a ɗaure kowace da abin da Bahaushe ya sani. A koya wa yaro cewa mita yadi ce da ƙarin kimanin yatsu huɗu, kilomita mita dubu ce, watau tafiyar kusan rubu'in sa'a a ƙafa, mil biyar kuma kilomita takwas. A auna tiyar Gusau da ta Tsafe da ta Bunguɗu a kan sikeli, hatsi bayan hatsi, a rubuta sakamakon da boko da ajami a ƙofar kasuwa. Wannan bincike ne da ɗaliban manyan digiri za su iya yi, kuma amfaninsa zai kai ga rumbun manomi kafin ya kai ga ɗakin karatu.