Na'urorin Koyarwa da Darasin Waƙa a Makarantun Sakandare

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, makarantun sakandare suka shiga rige-rigen tanadar ɗakin na'ura. Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya ƙara iza wutar, domin jihohi irin su Kano da Kaduna sun koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Abin lura shi ne, kusan duk tunanin da aka yi game da waɗannan na'urori tunanin ido ne: allon kwamfuta, da majigi, da littafin da aka zuba a waya. Darasin Hausa kuwa, musamman ɓangaren waƙa, babbar buƙatarsa ta kunne ce, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Dalilin wannan buƙata yana cikin rubutun boko kansa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali, ba ta kuma nuna karin sauti. Gashin kai da gashin nama rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kukan yaro da itacen kuka karin sauti ne ya bambanta su. A zube wannan ba ya hana fahimta, domin jumla takan warware ma'ana. A waƙa kuwa al'amarin daban ne. Karin rubutacciyar waƙa an gina shi ne a kan jeruwar gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, watau a kan ainihin abin da rubutun ya ɓoye. Ɗalibin da aka ce ya yanka baiti ƙafa-ƙafa alhali bai taɓa jin an rera shi ba, sai dai ya haddace sunan bahari ya zuba a takardar jarrabawa. Alal misali, Aliyu Namangi makaho ne, da baki ya tsara Imfiraji, kuma a kan karin kiɗan Caji ya ɗora ta. Wanda ya san ta a takarda kawai ba shi da hanyar gane wannan dangantaka, balle ya fahimci dabarar malamin da ya ari karin dandali ya yi wa'azi da shi.

Lamarin ya fi muni a waƙar baka. Littafin makaranta yakan kawo matanin waƙar Ibrahim Narambaɗa ko ta Mamman Shata an jera shi layi-layi, sa'an nan a tambayi ɗalibi jigo da salo. To, amma kotson Narambaɗa da kalangun Shata ba ado ba ne da za a tuɓe a ajiye gefe. Su ne ke yanka ɗiyan waƙar, su ke nuna inda jagora zai ja numfashi da inda 'yan amshi za su karɓa. A waƙoƙin fada 'yan amshi kan yi ƙari, su cika maganar da jagora ya faro, a wajen Shata kuwa galibi gindin waƙar suke maimaitawa, Ɗanmaraya Jos kuma shi kaɗai yake da kuntiginsa. Wannan bambanci na zubi da tsari malami zai iya cinye darasi biyu yana bayaninsa a allo, alhali minti biyar na saurare ya wadatar. Abin takaici, na'urar da za ta yi wannan aiki ita ce mafi araha a duk kayan zamani: wayar da ke aljihun malami da 'yar ƙaramar lasifika mai caji, ba janareto, ba intanet. Sai dai da yake ba ta da kwarjinin da za a nuna wa baƙi ranar bikin buɗe gini, ba a cika sa ta a lissafi ba.

Duk da haka, kunna waƙa a aji bai zama koyarwa ba. Akwai malamin da zai saki faifai ya koma kujera, darasi ya zama shagali. Akwai kuma wani haɗari da ya fi wannan zurfi. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ƙara ɗa ko ya rage, ya sako sunan wanda ya gani a wurin, gwargwadon taro da abin da aka ba shi. Ɗauka guda da ta yaɗu a wayoyi takan zame wa yara ita ce waƙar, har su ga duk wata rerawa kuskure ce, ko su zargi littafinsu da ɓata matani. A nan na'ura ta maimaita laifin takarda ne, ta daskarar da abin da ɗabi'arsa sauyawa ce. Maganin shi ne a kawo ɗauka biyu na waƙa ɗaya a sa ɗalibai su fitar da abin da ya tsaya da abin da ya sauya. Da wannan za su gane ma'anar gindin waƙa fiye da kowane ta'arifi. Zaɓen ma aiki ne, domin wasu waƙoƙin na ɗauke da zambo ko batsar da ba ta dace da aji ba, wasu tsofaffin ɗaukan kuma sautinsu ya dushe.

Wannan ya kai ga tambayar inda malami zai samo ingantacciyar ɗauka. Abin da ke yawo a intanet da katin waya sau da yawa ba shi da shekara, ba wurin da aka yi wasan, wani lokaci ma sunan makaɗin ba daidai ba ne. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero sun tara faya-fayai da kaset masu yawa. Aikin da ya kamaci masu tsara manhaja shi ne duk waƙar da aka sa a jerin littattafan jarrabawa a haɗa ta da sautinta daga irin waɗannan taskoki, a rubuta wanda ya rera da lokacin da aka ɗauka.

Sai dai malami ba ya koyar da abin da ba a tambaya. Hukumar WAEC ta fara gudanar da jarrabawa ta kwamfuta ga masu zama na kashin kansu a 2024, kuma kwamfutar da ke nuna tambaya a allo tana iya fitar da sauti. Muddin tambayar waƙa ta tsaya ga zaɓen amsa ɗaya daga cikin huɗu a kan rubutaccen matani, shugaban makaranta ba zai ga dalilin sayen lasifika ba, ɗaliban da suka ci Hausa da kyakkyawan sakamako kuma za su ci gaba da isa kwalejojin ilmi ba su iya bambance kiɗan kotso da na taushi ba, alhali daga cikinsu ne za a ɗauki malaman da za su koyar da Bakandamiya.