Tuwo da Miya: Nazari kan Girkin Gida a Ƙasar Hausa

Tuwo shi ne abincin dare na gidan Bahaushe, kuma a bakin mutanen karkara kalmar kan ɗauki ma'anar abinci gaba ɗaya. Wanda bai ci tuwo da dare ba yakan ce da yunwa ya kwana, ko da ya sha fura ya ƙoshi da rana. Ana tuƙa shi da garin dawa ko na gero ko na masara, ko kuma da shinkafa. Dawa da gero su ne 'yan gida, domin a Afirka aka fara noma su shekaru dubbai da suka wuce. Masara kuwa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kamar gyaɗa da tumatir da barkono, duk bayan shekarar 1500 suka iso. Shinkafa ta daɗe a fadamun Sakkwato da Kabi, amma a da, a yawancin gidaje sai da salla ko biki ake ganin tuwonta. Noman rani, irin wanda madatsar ruwa ta Tiga ta buɗe a Kura da Kadawa bayan 1974, yana cikin abubuwan da suka mayar da ita abincin kullum.

Aikin tuwo tun hantsi yake farawa. Maigida zai fitar da hatsi daga rumbu, ko ya yi awo a kasuwa da mudu ko tiya. Mai girki ta surfa a turmi, ta sheƙe dusa a ba dabbobi, ta wanke ta shanya, sannan a daka ko a kai inji. Idan gari ya dawo sai tankaɗe da rariya, a ware tsaki domin fate. Da la'asar a ɗora tukunya. In ruwa ya tafasa, a dama ɗan gari da ruwan sanyi a zuba, wannan shi ne rude, a bar shi ya nuna ya zama talge. Daga nan ake barbaɗa gari ana tuƙawa da muciya har ya yi ƙarfi, a rage wuta a rufe ya sulala. Nan ake gane hannu. Tuwon da ya yi gudaji, ko ya yi ruwa, ko aka sauke shi yana warin ɗanyen gari, ba a rasa mai yi masa tsegumi a tsakar gida, musamman idan amarya ce ta tuƙa.

Sai dai tuwo shi kaɗai ba shi da wani ɗanɗano, miya ce ke jan sa. A nan ne dabarar matan Hausa ta fi fitowa, domin kusan duk miyar gargajiya an gina ta ne a kan abin da za a iya busarwa a ajiye har wata damina. Ganyen kuka ana shanya shi a inuwa, a daka, a tankaɗe. Haka kuɓewa da karkashi. Da damina ana more ɗanyar kuɓewa da yakuwa da zogale da alayyahu, da kaka kabewa ta shigo a yi taushe da gyaɗa, da rani kuma a koma wa kuka. Ginshiƙin dukansu daddawa ce, wadda ake yi da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa: a dafa su tsawon sa'o'i, a cire ɓawo, a rufe su kwana biyu ko uku su ruɓa, a kirɓa a shanya. Warinta kan kori wanda bai saba ba, amma ita ce ke ba miyar da babu nama ƙamshi da sinadarin gina jiki. Ɗan kanwa kuma yana ƙara yauƙi, yana kashe tsamin yakuwa. Ana cewa tuwon girma miyarsa nama, amma gwanar gaskiya ita ce wadda za ta kaɗa kuka da daddawa da barkono da ɗan man shanu, a ci a nemi ƙari.

Bayan tuƙi sai kwasa, kuma rabon tuwo shi ne madubin tsarin gida. Hatsi da kuɗin cefane wajibin miji ne, sarrafawa da rabo na mai girki. A gidan da ke da kishiyoyi, girki yakan zagaya kwana bibbiyu, kuma mai girki ita ce da turaka. Da mara ake kwasa, a malmala a jera. Na maigida ake fara fitarwa, a da cikin akushi, yanzu cikin kwanon samira ko kula. Sai na tsofaffi, na samari, na mata, sannan yara su kewaye kwano ɗaya, inda suke koyon cin gabansu da barin tsokar nama har babba ya raba. Tuwo kuma ba ya tsayawa a cikin gida. A ƙauyuka da tsofaffin unguwanni magidanta kan fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba su yi ciyayya, ta yadda wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba zai ci ba tare da an gane ba. Akwai kwanon maƙwabciya mai jego, da na baƙo, da na almajiri. Shi ya sa ba a auna gari daidai da yawan bakunan gida. Kullum sai an ɗora ƙari.

Abin da ya kwana ba ya lalacewa. Da safe a yayyanka tuwon jiya a turara, a ɗumama miya, a zuba man shanu da yaji, ya zama ɗumame. Mutane da yawa sun fi son sa da sabon tuwo, kuma shi ne abin da ɗan Hausa da ya yi nisa da gida ya fi ambata idan kewa ta taso. Ƙanzon gindin tukunya ma ana kankare shi a shanya, a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuliƙuli. A sahun irin wannan abinci mai kwantar da rai akwai ɗanwake da mai da yaji, da garau-garau, da dambu, da faten tsaki mai yakuwa da ake yi wa wanda zazzaɓi ya ɗauke wa ɗanɗanon baki, da kunun kanwa na mai jego.

Zamani ya taɓa kusan kowane mataki. Inji ya rage daka, dunƙulen Maggi ya raba wa daddawa gari, leda ta maye gurbin mara wajen ƙulla malmala, gas da gawayi suna ture murhun duwatsu uku a birane. Taliya da Indomie sun kama yara, domin mace mai zuwa aiki ba ta da sa'o'in surfe da tankaɗe. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 ta sa gidaje da dama sun rage girki daga sau uku zuwa biyu, kuma kwanon maƙwabta ne ya fara jin jiki. Duk da haka, hatsi da kuka sun fi taliya arha wajen ciyar da mutum goma, shi ya sa idan aljihu ya matse tuwo ake koma wa. Ya ma bi fatake ya ƙetare iyaka: a Gana, abincin da ake kira tuo zaafi sunansa daga Hausa ya samo asali, wato tuwon zafi.